Ruwan Tofin Inna

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka iso tashar Tamale shi ne mata a kan babur. Ba goya su aka yi ba, su ne ke tuƙi. Wata ta wuce ta gabanmu da hijabi har gwiwa, jariri a bayanta, kwandon tumatir a tsakanin ƙafafunta, tana tauna asawaki kamar a tsakar gidansu take zaune. Na saki baki ina kallo har Inna ta zungure ni da gefen jaka.

“Ke Zali, kallo muka zo yi?”

Ba kallo muka zo yi ba. Kwana biyu muka yi a mota daga garinmu, kusa da Galmi a Nijar. An yi wa Inna aikin maƙoƙo, likita ya ce akwai sauran da wuƙa ba ta kai gare shi ba, sai an ƙone shi da wani magani da ake haɗiya. A asibitin da muke zuwa aka ce maganin ya yanke, babu ranar zuwansa. Sai dangi suka tuna cewa marigayi Babana, lokacin da yake kai albasa Gana, yana da mai masauki a Tamale. Ni aka zaɓa in raka ta saboda ina kwaleji, wai na iya karanta takarda. Babu wanda ya tuna cewa Faransanci nake karantawa, su kuma a nan Ingilishi suke rubutawa.

Mai keke mai ƙafa uku, irin wanda a nan suke kira yalo-yalo, ya duba takardar da aka rubuta mana sunan unguwa, ya ce ya san gidan kamar gidan ubansa. Ya yi ta zagaye da mu. Sau biyu na ga wani masallaci mai koren ƙyaure, na san sau biyu ne, amma bakina ya ƙi buɗuwa. A ƙarshe ya sauke mu a bakin wani layi, ya ce mu miƙe, ya juya ya tafi. Zogbeli muke nema, shi kuma a Gumbihini ya ajiye mu.

Inna ta zauna a kan jakarmu tana haki. Wata mai koko da ke gefe ta dube mu ta ce, “Kai, mamanka ba shi da lafiya?”

Na waiwaya in ga namijin da take yi wa magana. Babu kowa sai ni. A nan na fara sanin cewa Hausar garin ba ta cika raba mace da namiji ba. Matar ta ba Inna ruwa, ta tsayar mana da wani keken, ta yi wa mai shi magana da Dagbanci tana kaɗa masa yatsa. Wannan karon har ƙofar gida aka kai mu.

Mai masaukin Baba ya rasu, matarsa ce ta rage, Mma Ayishetu. Da ta ji sunan Baba sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, ta ce Malam Idi mai albasa bai taɓa shigowa gidan nan hannu sake ba. A ɗakinta ta sauke mu. Kwano ɗaya muke ci mu uku, tuwo mai laushi da miyar ayoyo, wato lalo. Ni furar gida nake marmari, da hayaniyar ƙannena, har da malamin lissafinmu da ba na so. Mma ta ji labarin cewa Inna tana koyar da mata karatu a gida, ana kuma kawo mata yara ta yi musu tofi. Daga ranar ba ta ƙara kiranta da komai ba sai Malama.

Asibitin ya fi kasuwar garinmu girma. Ranar farko mun yi layi har azahar a ƙofar da ba tamu ba. Rana ta biyu aka ce takardarmu ta Faransanci ce, sai an sami mai fassarawa. Rana ta uku wani mai tura gadon marasa lafiya ya ji tausayinmu, ya kai mu can ƙurya, bayan ɗakin wanki, inda aka manna wata alama ruwan ɗorawa mai baƙaƙen fikafikai uku kamar fanka. Nan ne sashen maganin nukiliya. Kalmar ta ba ni tsoro, don a littafin tarihi kawai na taɓa ganinta, kuma ba a kan magani ba.

Shugabar wurin sunanta Madam Fusheina. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya. A kan wani jan babur take zuwa, ta kafe shi a gindin mangwaro. Kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa, duk ma'aikacin da zai shiga ba fuskarsa take kallo ba, ƙirjinsa take kallo. Na ɗauka rashin kunya ne, sai daga baya na lura kowannensu yana maƙale da wani ɗan abu kamar akwatin ashana a gaban riga. Wata safiya Razak, dogon ma'aikacin da ke haɗa magani, ya zo babu nasa.

“Ina bajonka?”

“Madam, yana jikin ɗaya rigar.”

“To ɗaya rigar ce za ta yi aiki yau. Kai koma gida ka huta.”

“Haba Madam, minti biyar ne fa zan yi a ciki.”

“Hasken yana duba agogo ne? Koma.”

Ya koma yana dariya, sauran suna yi masa tsiya. Da aka tashi aiki kuma, kowa sai ya miƙa tafin hannunsa a gaban wata na'ura mai kama da rediyo kafin ya fita, har mai shara. Ita ma Madam tana miƙa nata, ba ta tsallakewa.

Ita ta yi wa Inna bayani, amma ni yadda take ƙara bayani haka nake ƙara rikicewa. Ta ce maganin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ne bajon nan yake aunawa. Ta ce daga Kudu ake kawo shi a jirgin sama, kuma tun daga ranar da aka yi shi yake mutuwa kaɗan-kaɗan, don haka idan ya zo ba ya jiran kowa. Ta ce zai warkar da Inna, amma zai iya cutar da wanda ya zauna kusa da ita. Na yi ta juya wannan a raina. Magani mai mutuwa, magani mai gyara mutum ɗaya ya ɓata na kusa da shi. Na so in yi tambaya, na rasa ta inda zan kama.

“Mama, akwai mai ciki a gidan da kuka sauka? Akwai ƙaramin yaro?”

Inna ta ce babu, daga tsohuwa sai 'yan haya maza. Gaskiya ta faɗa, a ranar haka gidan yake.

Makon farko maganin bai zo ba. Aka ce mu dawo wani makon. Ranar da ya zo, Razak ne ya turo shi a kan keken ƙarfe, cikin wata tukunyar dalma da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Da aka buɗe, abin da ke ciki bai fi ƙwayar wake ba. Da dogon hantsaki aka miƙa wa Inna, mai miƙawar ta ja da baya. Inna ta yi bisimilla ta haɗiye. Aka rufe ta a wani ɗaki mai ƙofa mai nauyi, aka nuna mini wani zane ruwan ɗorawa a ƙasa, aka ce kada ƙafata ta tsallake shi.

Kwana biyu ina zuwa in zauna a bayan zanen nan, ina hango kan Inna ta wani ɗan gilashi. Ban san me zan ce mata da ƙarfi mutane suna ji ba, don haka sai in ɗaga mata hannu kawai. Rana ta biyu Madam ta zo wucewa, ta tsaya, ta koma ofishinta ta dawo da rabin shinkafa da waken da ta zo da shi daga gida. Ta ajiye a cinyata ta wuce.

Ranar sallama Madam ta shiga wajen Inna da wata sandar auna rata. Ta sa Inna ta riƙe baki ɗaya, ita ta tsaya a ɗaya bakin da na'urarta. Na'urar ta yi ta ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana soya gero a kasko. Madam ta dubi allurar na'urar ta ce hasken ya sauka, Inna za ta iya tafiya. Sannan ni ta kira, ba Inna ba. Ta miƙo mini takarda. Na riƙe ta, na daɗe ina kallo, kafin na ce a hankali ban iya Ingilishi ba.

“Shi ne tun ranar farko ba ka faɗa ba?”

Ta juya bayan takardar ta fara zane. Kofi, kwano, buta, tabarma biyu da rata a tsakaninsu, sai wani ɗan mutum mai babban kai da ta ja wa layi a kai.

“Kwana goma. Kofinsa daban, kwanonsa daban, butarsa daban. Ba ya ɗaukar yaro, ba ya zama kusa da mai ciki. Ta hanya uku maganin yake fita daga jiki: fitsari, gumi, miyau. Maimaita.”

Na maimaita.

“Ƙara.”

Na ƙara. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ni ba na bin mutane gida. Kai ne idona a can.”

A cikin keke Inna ta kama hannuna, sai ta tuna ta sake shi. Ta ce, “Kada ki gaya wa kowa wai akwai wani abu a jikina. Mutanen nan don darajar ubanki suka karɓe mu. Idan suka ji tsoro za su ji, mu kuma ba mu da inda za mu. Ki ce likita ya ce in kwanta ni kaɗai.”

Muna shiga gida muka tarar da takalman mata jibge a ƙofa, tukunyar ruwan zafi a kan murhu, ƙamshin yaji ko'ina. Sanatu, 'yar Mma da ke aure a Tishigu, ta haihu jiya, an kawo ta wankan jego gidan uwarta. Mace aka samu. Na dubi Inna, Inna ta kau da kai.

Na faɗa wa Mma abin da aka ce in faɗa. Ta sa aka share mana wani ɗaki a ƙarshen gida, inda mijinta yake ajiye albasa a da. Warin bai fita ba, kuma warin rigar Baba ne sak. Ba a jima ba sai ga Mma da jaririyar a cikin zane, tana murmushi.

“Malama, ga jikarka. Karɓe shi ka sa masa albarka.”

Inna ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Ta ce, “Hajiya, hannuna rawa yake yi, kada in kayar da ita.”

Mma ta ɗan tsaya da yarinyar a miƙe. Sannan ta mayar da ita ƙirjinta ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta juya. Washegari ina wanke kwanon Inna a gefe ni kaɗai, na ji wata daga cikin masu barka tana cewa, “Baƙuwar nan ƙyanƙyaminmu yake ji ne? Kwano daban, buta daban, jariri ma ya ƙi taɓawa.” Mma ba ta musa ba. Daga ranar gaisuwarta ta gajarta.

A kwana na uku jaririyar ta fara kuka tun safe. An ba ta nono ta ƙi, an goya ta ta ƙi, an jijjiga ta har Sanatu ita ma ta fara hawaye. Bayan la'asar sai ga Mma ta doso ɗakinmu da wani shuɗin kofi na roba, ruwa rabi a ciki. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

“Malama, hannu ne yake rawa, ai baki ba ya rawa. Ka yi mana tofi.”

Inna ta dubi kofin. Ta riga ta ƙi abu ɗaya, ba ta da bakin ƙin na biyu. Ta karɓi kofin, ta yi karatu a hankali yadda na saba gani tun ina ƙarama, ta tofa sau uku. Tofin Inna ba mai yawa ba ne, kusan iska ce. Amma rana tana shigowa ta ƙofa a lokacin, na ga 'yan ɗigo suna sauka a kan ruwan, kowanne yana buɗe ɗan zobe. Mma ta riga ta koma wajen mai kuka. Inna ta miƙo mini.

“Kai mata. A ɗiga mata a baki, a shafa mata saura.”

Taku ashirin da uku ne daga ɗakinmu zuwa ɗakin mai jego, na taɓa ƙirgawa. A taku na biyar na tuna muryata ina maimaitawa, fitsari, gumi, miyau. A na takwas na ce wa kaina ai wannan ba miyau ba ne, tofi ne, ayoyin Allah ne a ciki. Na tuno zanen Madam ɗaya bayan ɗaya, babu kofin tofi a cikinsu. Idan da haɗari ai da ta zana. To amma ta san Inna tana tofi? Wa ya gaya mata? Hasken da ido ba ya gani, yana jin karatu ya kauce ne, ko ba ruwansa? Ban san amsar ko ɗaya ba. Ƙafata ce ta karkata da kanta zuwa bayan durom ɗin ruwa, inda ba a hango mutum daga tsakar gida.

Ban iya zubar da shi a ƙasa ba. Ruwan da aka yi wa karatu ba a zubar da shi inda ake takawa. Na sami wata kwalbar roba da babu komai a cikinta, na juye shi a ciki na rufe. Kofin ma na tuna ba shi da kyau yanzu, na cusa shi cikin hijabina. Mma tana da irinsa guda shida, sauran suna kife a kan kwando. Na ɗauki wani, na ɗebo ruwan randa daidai rabi, na kai.

Aka ɗiga wa yarinyar, aka shafa mata a kai da ƙirji. Kafin a kira magariba ta yi barci.

Gidan ya ɗauki salati. Mma ta zo har ƙofarmu ta durƙusa, tsohuwa da ita, tana cewa Malama ka yafe mini, na yi maka mummunan zato. Fuskar Inna ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun kafin a yi mata aiki. Ni kuwa ina zaune a kan jakar da na ɓoye kwalbar. Ruwan randa ne ya sa ta barci? Ko addu'ar ta riga kofin isa? Ko gajiya kawai ta yi? Har yau ban sani ba.

Washegari da safe aka sake kawo kofi. Da yamma ma haka. Kowane karo sai in bi ta bayan durom. Kwalbar ta kusa cika, shuɗɗan kofunan Mma suka koma uku, tana ta faɗa wai 'yan haya ne ke kwashe su. Na gwada yi wa Inna magana, na ce, “Inna, Madam fa ta ce miyau…”

“Madam ta fi Allah sani ne? Ba ki ga yarinyar ta yi barci ba?”

Ta yaya zan ce mata ba tofinta yarinyar ta sha ba? 

A yammacin nan Mma ta zo da albishir. Ta ce sun yi shawara da uban yarinyar, sunan Inna za a sa mata, Habsatu. Ranar suna kuma, da an gama aski, Inna ce za ta riƙe takwararta a cinya ta yi mata tofi a ka, a gaban mata. Ta ce, “In hannu ya yi rawa ni zan tallafa.” Inna ta ce in Allah ya yarda. Na ƙirga da yatsuna a cikin hijabi. Ranar suna kwana shida ne cikin goman da Madam ta ce. Kuma a ranar babu durom ɗin da zan laɓe a bayansa.

Ana gobe suna na ce zan je karɓo wa Inna ƙwayoyinta. Na sa kwalbar da kofuna ukun a jakar makarantata. Tsoron masu keke ya sa na tafi a ƙafa, na ɓata sau biyu. A wata mararraba na tsaya har wata mai sayar da lemo ta tambaye ni ko an aike ni ne na manta saƙon. Daga baya na hango wata mata da kayan ma'aikatan jinya, na bi bayanta daga nesa, har ta kai ni ƙofar asibiti ba ta sani ba.

Razak na fara gani. Da na fito da kwalbar ya yi dariya ya ce, “Ƙanwata, tsaraba ka kawo mana? Ai da zoɓo ka zuba.”

Madam ta fito daga ofis. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

“Mene ne wannan?”

“Ruwa ne. Inna ta yi tofi a ciki.”

“Ajiye a kan tiren can. Kada ka taɓa komai. Razak, safar hannu.”

Ta kawo na'urar kusa da kwalbar. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Bai kai na ranar sanda ba, amma babu wanda bai ji ba. Dariyar Razak ta ɗauke. Madam ta bi tafin hannuna da na'urar, ta bi hijabina, ta bi cikin jakar, ta sa aka kai ni famfo na wanke hannu sau biyu. Sai da na'urar ta yi shiru a jikina sannan ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata daga farko. Na faɗa, kaina a ƙasa. Haihuwar Sanatu, da kofin, da durom, da sunan gobe.

“Yaron ya sha ko sau ɗaya?”

“A'a.”

“Ka tabbata? Dube ni.”

Na dube ta na ce na tabbata. Ta sauke numfashi, ta jingina da kujera. Sannan ta tura aka kira mata duk ma'aikatan, suka tsaya a bakin ofis.

“Wa ya yi wa wannan mara lafiyar bayanin zaman gida?”

Suka dubi juna. Razak ya ce, “Ai ke ce, Madam.”

“Ni ne. Na zana kofi, na zana buta. Kakata ta yi mini tofi a ka har na shiga sakandare, amma ban taɓa tambayar mara lafiya ko ɗaya yana tofi ko ba ya yi ba. Takardar nan wanda ya rubuta ta bai san tofi ba, mu da muka sani muka yi ta rabawa. Yau za a ƙara shi a ciki. Tofi, da gutsurar goro a miƙa wa wani, da tauna wa yaro abinci. Duk wanda ya tuna wani abu da ake yi a gidansu ya zo ya faɗa mini kafin a tashi.”

Da suka watse na tattaro ƙarfina na tambaye ta ko da yarinyar ta sha mutuwa za ta yi.

“Ba zai mutu ba. Abin kaɗan ne. Amma maganin nan wuya yake nema ya zauna, wuyan jariri kuwa bai kai yatsana biyu ba. Ko ɗigo ba na so. Riƙe shi a cinya ma ba na so.”

Razak ya ɗauki tiren zai tafi da shi. Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce kada a zuba a masai, akwai karatu a ciki. Madam ta karɓi kwalbar da kanta, ta manna mata takarda, ta rubuta kwanan wata. Ta ce akwai ɗakin da suke ajiye irin waɗannan har hasken ya mutu da kansa. Bayan wata uku ita da hannunta za ta zuba shi a gindin mangwaron da take kafe babur.

Sannan ta jawo wayarta.

“Ba ni lambar gidan. Razak, ka ce wa direba ya fito da mota, ka ɗauko babbar na'ura da riguna.”

Nan take na hango abin. Farar mota a ƙofar gidan suna, mutane da fararen riguna da safar hannu suna bin tsakar gida da na'ura mai ƙara, masu daka sun tsaya da taɓare a sama, Mma tana kallon Inna, Inna tana kallona. Na hango jakarmu a bakin layi. Na tuna fuskar Inna ranar da Mma ta durƙusa mata. Ban ba da lambar ba. Madam ta ɗago.

“Ina jinka. Lambar.”

Tun da muka zo Tamale ban taɓa haɗa magana uku a jere da wani babba ba. Na kama bakin teburinta da hannu biyu.

Na ce, “Madam, don Allah kada ki kira, kada a je da mota. Ki cire farar rigar nan, ki sayi sabulu a hanya, ki zo barka kamar kowa. Ƙaramar na'urar za ta shiga jakarki. Ki fara shiga wajen Inna, ke kaɗai, kada ki ce mata ta yi laifi. Ki ce mata abin da kika ce wa su Razak, cewa ke ma kakarki ta yi miki. Idan ta ji daga bakinki za ta yarda ta yi wa takwararta addu'a daga bakin ƙofa, a ɗaga tofin sai kwanakin sun cika. Mma kuma ki yi mata bayani da Dagbanci, a ɗaki, ba a gaban mata ba. Maganar ruwan randa kada ki taɓa ta, wannan ni zan faɗa wa Inna da bakina. Kuma don Allah ki goya ni a babur ɗinki, ban san hanyar komawa gida ba.”